"Ina Gajiya?" "Ba Gajiya."

Ran Lahadi, bayan an tashi sujada, mu kan tsaya a ƙofar majami'a mu gaisa. Wannan ya ce, "Ina gajiya?" Wancan ya ce, "Ba gajiya." A ce, "Ina aiki?" A amsa, "Da godiya." "Yaya gida da yara?" "Lafiya lau." Haka iyayenmu suka koya mana, ba mu kuwa ga laifin gaisuwar ba, gama ba a tare mutum a bakin hanya a zube masa dukan abin da ke cikin zuciya. Amma wani abu ya faru a Ekklesiyarmu wanda ya sa muka koma muna tunani a kan wannan "ba gajiya" tamu.

Akwai wani ɗan'uwa a cikinmu, malamin makarantar firamare ne, shi ne kuma magatakardan Ekklesiya. 'Ya'yansa biyar, ga 'ya'yan marigayi wansa uku a hannunsa, ga tsohuwarsa a ƙauye tana fama da ciwon ƙafa. Da safe makaranta, da la'asar gona, da dare littafin baiko da taron dattawa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu, 2023, kuɗin mota da na hatsi suka tashi, albashinsa bai ƙara kaiwa tsakiyar wata ba. Duk da haka ba mu taɓa jin ya ce ya gaji ba. Ran nan yana rubutu a allo, sai alli ya faɗi daga hannunsa, shi ma ya bi shi ƙasa. A asibiti aka ce jininsa ya hau ƙwarai, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da muka je dubiya, matarsa ta gaya mana wata da watanni ba ya barci, sai ya tashi da tsakar dare ya zauna a bakin gado yana lissafi. Muka ce, "Don me bai faɗa mana ba?" Ta ce, "Ya taɓa farawa. Wani daga cikinku ya ce masa mai bi na ƙwarai ba ya damuwa. Tun daga ran nan ya kama bakinsa."

Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu, gama ko wannenmu ya taɓa faɗin irin wannan magana ga wani. To, bari mu yi tambayar a fili. Sa'anda kayan duniya suka yi wa mai bi nauyi, har barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina yi masa daɗi, ya yi zunubi ke nan? Bangaskiyarsa ce ta kasa? In kuwa akwai laifi a cikin al'amarin, a wuyan wa ya ke?

Masu cewa damuwa zunubi ne ba da ka su ke magana ba. Suna da aya. Cikin Matta sura 6 Ubangiji Yesu ya hana almajiransa alhinin abinci da sutura, ya nuna musu tsuntsaye da furannin jeji. Bulus kuma ya sake hana wannan cikin wasiƙarsa zuwa ga Filibiyawa, sura 4. Ba za mu yi kamar ba mu ga waɗannan ba. Amma ga wani abin lura. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, kalmar nan kuwa da Bulus ya mora cikin sura 4 sa'anda ya ke hanawa, ita ce ya mora cikin sura 2 ta wannan wasiƙa sa'anda ya ke yabon Timoti, cewa babu wani kamarsa da zai damu da zaman lafiyar Filibiyawa. Cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa kuma, sura 11, da ya ke lissafta wahalolinsa, bulala da ɗauri da yunwa, ya ƙara da nauyin dukan Ekklesiyai da ke danne shi kowace rana, da kalma mai tushe ɗaya da waccan. Ashe akwai damuwar da a ke yabo, akwai wadda a ke hanawa, sunansu kuwa ɗaya. Uwar da ta kwana ba barci a kan yaro mai zazzaɓi, da mutumin da ya kwana ba barci domin maƙwabcinsa ya riga shi sa kwano a ɗaki, dukansu sun damu. Wanda ya haɗa su ya yi musu wa'azi ɗaya bai yi adalci ba.

Sa'an nan mu tuna da daren Gatsemani. Shi wanda ya yi koyarwar tsuntsaye, shi ne ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yohanna, ya gaya musu da bakinsa irin baƙin cikin da ya rufe shi, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Luka ya ce guminsa ya zama kamar ɗigon jini. Mun gaskata ba shi da zunubi. In haka ne, jin nauyi a zuciya, har jiki ya nuna, ba zai zama zunubi ba. Mu lura kuma, bai ce wa abokansa "ba gajiya" ba.

Yana da kyau mu san abin da ke faruwa a cikin jikin mutum, domin rashin saninsa ya sa mu kan mai da ciwo ya zama laifi. Allah ya sa mana waɗansu 'yan tsoka biyu ƙanana a bisa ƙoda. In mutum ya ga maciji a hanya, nan take su kan zuba wani ruwa a cikin jini, wanda likitoci ke kira adirenalin. Zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, jini ya bar ciki ya tafi ga ƙafafu da hannuwa, domin mutum ya gudu ko ya yi faɗa. Wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan tun a 1915. Kyauta ce daga Mahalicci. Da babu ita da kakanninmu ba su tsira daga namun jeji ba. Amma an shirya ta domin ɗan lokaci ne. Maciji ya wuce, jiki ya koma daidai. To, bashi fa? Bashi ba ya wucewa kamar maciji. Yana nan da safe, yana nan da dare, jiki kuwa bai san bambanci ba, sai ya yi ta shirin gudu alhali mutum yana kwance a gado.

A 1936 wani likita a Kanada mai suna Hans Selye ya ba da labarin abin da ya gani a jikin ɓeraye. Ya sa waɗansu cikin sanyi mai tsanani, waɗansu ya sa su gudu fiye da ƙarfinsu, waɗansu ya yi musu allurai iri iri. Ko da ya ke wahalar ta bambanta, ɓarnar da ya tarar iri ɗaya ce: 'yan tsokan nan na bisa ƙoda sun kumbura, gaɓoɓin da ke tsare jiki daga cuta sun motse, ga miki a tumbi. Ya ce jiki ya kan bi hawa uku. Da fari firgita, sa'an nan jimrewa, daga ƙarshe ƙarewar ƙarfi. Hawa na biyu shi ne mai ruɗi, gama a cikinsa mutum yana tafiya, yana aiki, yana gaisawa da mutane, kowa yana yabon ƙoƙarinsa. A nan ɗan'uwanmu ya zauna shekara biyu muna kallo. Ɓera ba shi da bangaskiya, ba shi da rashinta, amma jikinsa ya lalace. Jikinmu ma daga turɓaya ya ke. Ba mu ce damuwa kaɗai ke kawo hawan jini ba. Gado da gishiri da shekaru suna da nasu rabo. Amma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ba da lissafi cewa a shekara ta 2016 mutum 745,000 suka mutu da ciwon zuciya da shanyewar jiki sabo da yin aiki sa'a 55 ko fiye a mako. Mai karatu ya ƙidaya sa'o'in aikinsa, ya kuma ƙidaya na matarsa, daga ɗiban ruwan asuba har zuwa wanke tukunyar dare.

Yanzu mu duba yadda Allah da kansa ya yi da bawansa da ya kai ga hawa na uku. Labarin yana cikin 1 Sarakuna sura 19. Iliya ya gama babban aikinsa a dutsen Karmel, wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo bayan shekarun fari. Sai saƙon Yezebel ya zo cewa za ta kashe shi. Annabin da ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450 ya tashi ya gudu har Biyer-sheba. A can ya bar baransa, ya shiga jeji tafiyar yini guda shi kaɗai, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Da mu ne muka same shi a wurin, me za mu ce? Lalle da mun tuna masa da wutar Karmel, mu tambaye shi ina bangaskiyarsa ta tafi. Allah bai yi haka ba. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya tashe shi, ga waina a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma barci. Aka sake tashinsa ya sake ci. Babu wa'azi ko kaɗan a wannan wuri. Sai da ya kai Horeb Allah ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya bar shi ya zube ƙararsa duka, har sau biyu, da magana iri ɗaya. Bayan wannan ne ya gyara masa tunani, ya nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum 7,000. Ya kuma ba shi Elisha ya zama abokin aiki.

Mu lura da jerin: barci, abinci, kunnen saurare, sa'an nan gyara, sa'an nan mataimaki. Mu kuwa mu kan fara daga gyara, mu tsaya a nan.

Akwai wata kalma da mu ke ƙauna ƙwarai, watau haƙuri. Mu kan ce haƙuri maganin zaman duniya, mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne, haƙuri yana cikin 'ya'yan Ruhu. Amma muna tsoro mun ba kalmar aikin da ba nata ba. Sau da yawa in mun ce wa mutum "Yi haƙuri," abin da mu ke nufi shi ne, "Yi shiru, kada ka ɗora mini." Mu kan kuma ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, mu yabi mai zurfin ciki. Riƙe asirin wani abin yabo ne. Amma mutumin da ya ɓoye nasa ciwo har ya kashe shi, ya bar marayu, me ya tsare? Ayuba shi ne misalin haƙuri a wurinmu, amma duk wanda ya karanta littafinsa ya san bai yi shiru ba; ya yi kuka sura bayan sura. Abokansa uku sun yi kirki kwana bakwai da suka zauna tare da shi a ƙasa ba magana. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya jawo masa wahala, a nan suka ɓata, a ƙarshe kuwa su ne Allah ya tsauta wa.

Fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, sun fi mu hikima cikin wannan. Tafiyar watanni ce, da jakuna da 'yan alaro. Madugu ya san inda za a yi loko a jingine kaya a sha ruwa, ya san inda za a yi zango a kwana. Mai kaya ya kan naɗa gammo kafin ya ɗauka, in zai sauke kuma ya kan kira na kusa ya kama masa. Ba wanda ya ce masa rago domin ya ce, "Kama mini." Madugun da ya hana loko domin a yi sauri, shi ne ayarinsa ba ya kaiwa.

Cikin Galatiyawa sura 6 Bulus ya faɗi abu biyu da su ke kamar suna gāba da juna. A aya ta 2 ya umarce mu mu ɗauki nauyin juna, a aya ta 5 kuma ya ce kowa zai ɗauki nasa kaya. A Helenanci kalmomin biyu dabam su ke. Mun ga kamar nufinsa shi ne, akwai kayan da ya ke daidai da wuyan mutum, akwai kuma wanda ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ɗan makaranta shi zai yi karatunsa, ba mai yi masa. Mai gida shi zai nemi abincin gidansa. Wanda ya ƙi ɗaukar irin wannan yana cewa ya gaji, malalaci ne, ba shi mu ke karewa ba. Amma marayu uku a kan albashin malamin firamare, wannan jinka ce, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukarta.

Sai kaya na uku, wanda shi ne Ubangiji ya hana: kayan gobe da mutum ya jawo ya ɗora a kan na yau. Kada a ce ya hana tanadi. Yusufu ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, aka kuwa yabe shi. Manomin da ya cika rumbu da kaka bai yi laifi ba. Amma in ya rufe rumbun, ya kwanta yana ƙidayar damman da babu, yana ganin fari da fāra da gobara waɗanda ba su zo ba tukuna, me ya ƙara a rumbun? Gwajin da mu ke ba da shawara a yi ke nan: wannan tunani, akwai abin da zan iya yi a kansa yau? In akwai, a tashi a yi, ko a rubuta a takarda a ajiye har gari ya waye. In babu, na addu'a ne. Mun sani faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Mu ma da ke rubutu mun sha miƙa wa Allah kaya da ƙarfe goma na dare, mu je mu karɓo abinmu da ƙarfe biyu. Wannan rauni ne da a ke koyon rabuwa da shi a hankali, kamar yadda Isra'ilawa suka koyi tattara manna ta yini guda bayan sun ga wadda suka ɓoye ta yi tsutsa.

Har yanzu da sauran magana mai wuya, ba kuwa za mu kauce mata ba. Wani zai ce, "Kun ce a huta, a ci abinci, a yi barci. Ni lebura ne, in ban fita yau ba yara ba za su ci ba. Da me zan huta?" Yana da gaskiya. Gaya wa irin wannan mutum ya rage damuwa kamar ba'a ne. Amma mu koma ga dokar Asabaci yadda ta ke cikin Kubawar Shari'a sura 5. Wa aka yi wa magana? Mai gida ne, wanda ya ke da 'ya'ya da barori da sā da jaki, aka ce masa ya bar su su huta kamar yadda shi zai huta, aka kuma tuna masa shi ma dā bawa ne a Masar. Watau Allah ya san akwai wanda ba shi da ikon ba kansa hutu, sai ya ɗora alhakin a kan mai iko da shi. In haka ne, tambayarmu ta juya. Muna ta binciken ko mai damuwa ya yi zunubi, ashe wanda ya kamata a bincika shi ne mai ɗora kaya.

Su wane ne masu ɗora kaya? Ba sai mun tafi nesa ba. Mai shagon da ke riƙe yaronsa daga asuba har dare, kwana bakwai a mako. Wanda ya sa ma'aikaci aiki ya riƙe hakkinsa wata biyu. Mijin da ya dawo ya miƙe ƙafa yana jiran tuwo, matarsa kuwa da goyo a baya da ciki a gaba, tun safe ba ta zauna ba. In ta yi ƙorafi a ce ba ta da biyayya. Dangin da suka mai da ɗan'uwansu mai albashi rijiyar da ba ta ƙafewa, wayarsa ba ta daina kuka, ba mai tambayarsa yadda ya kwana. Da mu kuma, dattawan Ekklesiya, da mu kan ga mutum ɗaya mai aminci mu jibga masa magatakarda da ma'aji da makarantar Lahadi da kwamitin gini, domin shi ba ya cewa a'a. Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a daga safe har yamma, ya gaya masa a fili abin ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da jama'a duka. Ya sa aka naɗa shugabannin dubu dubu, da na ɗari ɗari, da na hamsin, da na goma. Mu ba mu sami Yetro a cikinmu ba.

Har bukukuwanmu suna cikin lissafi. A 1967 waɗansu likitoci biyu a Amurka, Holmes da Rahe, suka jera al'amura 43 da kan girgiza mutum, suka ba kowanne maki. Mutuwar miji ko mata ta sami 100. Aure ya sami 50, kora daga aiki 47, Kirsimeti ma ta sami 12. Jerin na mutanen ƙasarsu ne, babu ƙarancin damina a ciki, babu tsoron hanya. Amma ya koya mana cewa abin murna ma kaya ne. Duk uban da ya aurar da 'ya, da akwatuna da anko da abincin ɗaruruwan baƙi, ya san wannan ba sai likita ya gaya masa ba. Wa ya sa mana wannan doka? Ba ta cikin Littafi.

'Yan makaranta fa, mu kan ce ba su da abin damuwa, tun da ba su ke ciyar da gida ba. A 1960 wani likita mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro a Abekuta, ya rubuta labarin wani ciwo da ya gani wurin ɗaliban Nijeriya, wanda su da kansu ke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Yaro ya ji kansa yana zafi, ko kamar wani abu yana rarrafe a ciki, ido ya dushe, ya karanta shafi ya kasa riƙe ko kalma ɗaya. Har yau muna ganin irinsa in jarrabawa ta matso. Yaron da aka sayar da akuya aka biya masa kuɗin WAEC, aka kuma gaya masa shi ne begen gidan duka, da wane irin kai zai shiga ɗakin jarrabawa? Waɗansu a nan su ke faɗawa satar amsa, waɗansu shan ƙwaya domin su kwana karatu. Laifi ne, ba mu wanke su ba. Amma uban da ya gaya wa ɗansa, "Ko ka ci ko ka faɗi, kai ɗana ne, yi iyakar ƙoƙarinka," ya tsare shi daga jaraba fiye da uban da ya yi masa kashedi goma.

To, me Ekklesiya za ta yi, tun da ba mu da likitoci? Muna da abin da likitoci da kansu suka zo nema. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani shiri a Aro, inda masu ciwon tunani ke sauka a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana. Ya gane mutum ya fi saurin warkewa a tsakiyar mutane. A ƙasar Zimbabuwe kuma, wajen 2006, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata 14 a birnin Harare yadda za su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa. Mutanen can suna kiran ciwon da sunan da ke nufin yawan tunani, kamar yadda mu ma mu kan ce. Tsohuwar ba ta yin faɗa, ba ta ba da magani. Ta kan saurara, ta taimaki mutum ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya, su yi shawarar abin da zai yi a kanta kafin su sake saduwa. Da aka gwada shirin aka buga sakamako a 2016, bayan wata shida kimanin 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon baƙin ciki, a cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kimanin rabi. Benci muna da shi. Tsofaffin mata masu hikima, zumuntar mata cike ta ke da su. Abin da ya rage mana shi ne koyon saurare, da riƙe asiri, gama wanda ya faɗi damuwarsa ran Talata ya ji ta a bakin mutane ran Lahadi da sunan roƙon addu'a, ba zai ƙara faɗa ba.

Amma benci yana da iyaka, dole mu san ta. In mutum ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin kome, ba ya barci, ba ya cin abinci, ya janye daga mutane, balle in ya fara maganar gara mutuwa, kada a tsaya ga addu'a kaɗai, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A yi addu'ar, a kuma raka shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware kusa da Sakkwato, zuwa can kuwa ba abin kunya ba ne, kamar yadda zuwa ɗori ba abin kunya ba ne ga mai karaya. Duk wanda ya wuce shekara arba'in kuma ya riƙa zuwa a auna masa jini, ko yana jin lafiya lau, gama hawan jini ba ya sallama.

Ɗan'uwanmu yana nan da rai, godiya ga Allah. Yana tafiya da sanda, maganarsa tana fita a hankali, bai koma aji ba tukuna. Aikin da ya ke yi wa Ekklesiya shi kaɗai, da muka zo rabawa sai da ya ci mutum uku, su ma suna cewa ya yi yawa. Wanda ya gaya masa mai bi ba ya damuwa ya je gida ya roƙe shi gafara, shi ne kuma ya nome masa gona da daminar da ta wuce. Maganar kuɗin makarantar 'ya'yan wansa kuwa, dattawa sun zauna a kanta sau biyu ba su gama ba, an ɗaga ta zuwa taron wata mai zuwa.